Yadda Na Kai Hancin Yaya Mati Badun

Shekara shida ke nan duk wanda ya zauna a tabarmata a kasuwar Rano ko ta Kibiya, da zarar na jiƙa masa kai sai ya ce, "Wanzam Garba, wai me ka gano a Badun ne?" Ni kuwa in ce masa ya daina motsi kada in yanke shi. To yau na gaji. Tun da yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe alƙalami da girmana, ga labarin nan baki ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni mutumin Nariya ne, wanzami ɗan wanzami. Aski, ƙaho, cire haƙori, kaciya, cire wa jarirai beli, duk na gada. Na kuma gaji garin tsai da jini na mahaifinmu, na bagaruwa da wasu saiwoyi, da addu'ar da ake tofawa a kai. Da wannan gari nake taƙama. Nakan ce jini ya san muryata, in na ce ya tsaya sai ya tsaya. Allah yana jina, ya bar ni na yi ta faɗa.

Ana saura shekara biyu a ba mu mulkin kai, sai jini ya daina jin muryata. Na cire wa wani Bafulatani haƙori a Durba, ya kwana biyu yana tofar da ja. Na yi wa limamin unguwarmu ƙaho, ya ja sallar la'asar bayan rigarsa sharkaf, duk sahun farko suna kallo. Ba wanda ya mutu, amma magana ta riga ta fita, wai hannun Garba ya lalace. Wasu suka ce sammu aka yi mini. Mutane suka fara zagaye rumfata suna tafiya wurin Audu wanzamin Zinyau, mutumin da a lokacin nake cewa ko wasa aska bai iya ba. A sana'armu kuwa sunanka shi ne gonarka, in ya lalace sai ka ci ƙasa.

Ana cikin haka sai abin ya shigo gida. Yaya Mati wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Bai ɗauki aska ba, noma ya zaɓa. Tun yana saurayi yakan yi haɓo jefi-jefi, amma a wannan shekara sai hancin ya buɗe gaba ɗaya. Bayan kwana uku ko huɗu sai jini ya ɓalle, ya wuni yana zuba, har tafin hannunsa ya yi fari, fartanya ta gagare shi. Na zuba gari, na yi tofi, a banza. Mutane suka ce wanda ya kasa tsai da hancin wansa, shi za a miƙa wa ɗa ya yi wa kaciya?

Daga ɗakin magani na Rano aka tura mu asibitin Kano. Likitan can ya tambaya ta bakin tafinta ko Yaya yana shan maganin gargajiya. Na dafa ƙirji na ce ko saƙe-saƙi ɗaya ba ya sha, mu mun waye. Gaskiya na faɗa kuwa. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba. Da suka gaji da mu sai suka rubuta mana takarda zuwa babban asibitin Badun, can ƙasar Yarabawa, inda aka ce akwai masana jini. Kada in yi muku ƙarya: rabin abin da ya sa na raka shi tausayinsa ne, rabin kuma ina son a ba ni takarda mai hatimi da za ta ce laifin ba na hannuna ba ne.

Bayan an cire gyaɗa muka tashi. Jaki ya kai mu Kibiya, wani jakin ya kai mu Rano, daga nan muka hau motar gyaɗa, mu bakwai a saman buhuna. Yaya ya rungume butarsa, ni na rungume zabirata. Duk ramin da direban ya gani sai ya faɗa masa, kamar gaisuwa ce ta wajaba a tsakaninsu. Ni dai idona yana kan hancin Yaya har muka shiga Kano.

A jirgin ƙasa muka sami benci na katako, muna fuskantar wata Bayarabiya mai ƙiba, 'yar kasuwar atamfa, wadda ta shekara goma sha biyar a Kano. Kowa Iya yake ce mata. Kafin mu kai Zariya ta san sunan garinmu, da yawan 'ya'yan Yaya, da abin da ya kai mu Badun. Ni kuwa sai da na nuna mata ba ƙaramin wanzami ta samu ba. Na buɗe zabira na fito da gwangwanin asfirin, farar ƙwayar nan ta ciwon kai da nake sayowa a kanti a Kano. Na gaya mata ni ne wanzami na farko a ƙasar Rano da ya shigo da zamani cikin zabira. Duk wanda zan cire wa haƙori ko in yi wa ƙaho, sai na fara ba shi guda biyu don zafin ya ragu. Yaya kuwa saboda ciwon bayan noma, biyu da safe, biyu da rana, biyu da magariba, ba na bari ya tsallake. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ba ta biyu ita ma, ko da yake ba abin da ke damunta.

Mun wuce Kaduna kaɗan sai hancin ya ɓalle. Na tashi da sauri na ɗaga masa kai sama, na fara lalubar gari. Iya ta ture hannuna.

"Kai wanzami ne ko mahauci? So kake ya sha jininsa ya ƙoshi? Baba, sunkuyo nan."

Ta sunkuyar da shi, ta matse masa hanci da yatsu biyu, ta ɗora masa jiƙaƙƙen ɗankwali a goshi, ta riƙe ba ta saki ba har muka wuce tasha biyu. Jinin ya lafa. Duk taragon suka yi ta yi mata sannu. Ni na juya ina kallon taga, ina jin haushi kamar in sauka in koma gida a ƙafa. Da magariba ta yi na ba Yaya ƙwayoyinsa biyu, don dai a san har yanzu da mai magani a wurin.

Salla a jirgi wani aiki ce. Ka tayar kana fuskantar gabas, kafin ka yi ruku'u jirgin ya juya da kai wajen kudu. Yaya ya ce Allah ya ga niyya, ya kuma ga direba. Washegari muka hau gadar Jabba. Ban taɓa sanin ruwa yana taruwa haka wuri ɗaya ba. Yaya ya rufe ido yana salati har muka ƙetare, sannan ya tambaye ni ko da girma. Na ce masa ba laifi.

Can gaba da Ilori, Iya ta nuna waje ta ce, "To, ƙasarku ta ƙare, kun shigo tamu." Na leƙa in ga iyakar Jihar Arewa da ake ta magana a kanta a rediyo. Ban ga ganuwa ba, ban ga dogari ba, ko shingen kara babu. Wata akuya ce kawai take kiwo, ba ta san a jihar wa take ci ba. Abin da ya sauya shi ne itatuwa sun yi yawa, rufin gidaje ya koma kwano mai tsatsa, sannan fuskokin mutane. Nan idon sana'a ya tashi. Na ga zane uku-uku a kumatu, masu faɗi da zurfi, a miƙe sambal. Na ce a raina wanda ya yi wannan aiki ba ya tsoron jini, kuma ba a zagaye rumfarsa.

A tashar Badun na yi abin kunya na farko. Muna saukowa sai na ga wani saurayi sanye da kwat ya zube rub da ciki a gaban wani tsoho. Na ce farfaɗiya ce. Na fizge butar Yaya na ruga na sheƙa masa ruwa a ƙeya. Ya miƙe yana zazzaga mini Yarabanci, tsohon ya ɗaga sanda. Iya ce ta shiga tsakani tana dariya har da hawaye. Ashe gaisuwa ce, ubansa yake gaisarwa. Mu a gida ka durƙusa ka cire takalmi ka gama ladabi, su kuwa sai ƙirji ya taɓa ƙasa. Tun daga ranar, ko wa na ga ya faɗi a Badun sai in wuce abina.

A Sabo muka sauka, unguwar Hausawa, gidan wani Alhaji Tanko mai fataucin goro, wanda ya ce kakansa mutumin Kibiya ne. Bai taɓa ganin Kibiya ba, amma ya karɓe mu kamar tare muka yi wasan ƙasa. Ya ba mu ɗaki rabi mu rabi huhunan goro. Ran da muka isa ya ce sai mun ɗanɗana abincin gari. Aka kawo wani tuwo baƙi mai sulɓi, da miya koriya mai yauƙi, da jan mai a kai. Yaya ya daɗe yana dubansa.

"Garba, ƙonewa ya yi, ko haka Allah ya yi shi?"

Alhaji ya ce garin doya ne, amala ake ce masa. Na kai loma ɗaya, barkono ya bi ta kunnena ya fita. Yaya ya ce shi da ya zo maganin hanci ba zai ci abin da zai buɗe masa wata ƙofar ba. Da koko da ƙosai ya rayu har muka bar garin. Ni kuwa kafin mako guda har ƙari nake nema, amma kada a gaya wa matata.

Na kuma leƙa wurin masu aski na garin. Kujera, madubi, da allo a ƙofa an zana kawuna iri-iri, mutum ya nuna wanda yake so. Ba ƙaho, ba cire haƙori, ba beli. Su cire gashi kawai, rabi ma ba duka ba, a ce musu sannu da aiki. Na tausaya musu, daga baya na ga su ya kamata su tausaya mini, don ba wanda zai ce hannunsu ya lalace sai dai ya ce askin bai yi kyau ba.

Asibitin gari guda ne aka ɗora wani kan wani. Aka shigar da mu wani ɗan ɗaki ba taga, ƙofa ta rufe, sai ɗakin ya tashi da mu sama. Yaya ya damƙe hannuna ya ce in mun rabu a nan in yafe masa. Aka buɗe, sai ga mu a hawa na uku. Likitar jinin mace ce, Baturiya dattijuwa mai furfura. Mai taimaka mata a ɗakin awo wani Bayarabe ne, Ojo, haifaffen Sabon Garin Zariya, Hausarsa har da karin magana. Mista suke ce masa, ni na mayar da shi Malam don ya cancanta.

Aka ɗebi jinin Yaya a kwalba. Sannan Malam Ojo ya ɗauko wani ɗan tsinin ƙarfe da agogo, da farar takarda mai shan ruwa, zagayayya kamar faifai. Likita ta ce tun da ni ƙaninsa ne ciki ɗaya, da ni za a fara don a gwada. Na ce ai ni lafiyata ƙalau, rakiya na yi.

Malam Ojo ya ce, "Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Na zauna don kunya. Ya soke ni a fatar kunne, ba bismillar da na ji, ba gari, ba tofi. Duk rabin minti sai ya taɓa ɗigon da gefen takarda. Na farko babba, na biyu ya ragu, na shida da ƙyar ake ganinsa, na bakwai babu. Jinin ya tsaya don kansa, ba wanda ya yi masa magana.

Aka zo kan Yaya. Ɗigo ya bi ɗigo har suka zagaye takardar, aka ɗauko ta biyu. Ba su raguwa, kowane kamar ɗan'uwansa. Da aka kai talatin likita ta ce ya isa, aka danne kunnen da auduga. Na ji tsoro ya kama ni sosai, don wannan huda ce da ba ta kai cizon sauro biyu ba.

Na tambayi Malam Ojo wa ya tsai da nawa. Ya kira ni wurin madubin likita, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na ga wasu jajayen abubuwa zagayayyu birjik, a tsakaninsu kuma wasu 'yan mitsi-mitsi kamar tsakin gero. Ya ce ƙananan nan su ne, Turawa suna kiransu 'yan faranti. Na ce ban ga faranti ba, ni tsaki na gani.

Ya ce, "Malam Wanzam, ƙarangiya tana kama ƙwarya?"

Na ce, "Ina fa, santsi gare ta. Wando take kamawa."

"To cikin jijiya mai lafiya santsi ne da shi kamar ƙwarya. Tsakin nan naka suna ta wucewa, ba sa kama komai, in da suna kamawa da tuni hanya ta toshe ka mutu. Ranar da askarka ta yanka, santsin ya yage, abin da ke ƙarƙashinsa zare-zare ne kamar bakin tsumma. Nan take na kusa su maƙale a jikin zaren. Amma jini gudu yake, zai iya kwashe su. Likita tana zaton akwai wani abu a ruwan jinin, kamar ƙaro, shi ke taimaka musu su riƙe. In na farko suka kama sai su kumbura, su yi danƙo, su jawo 'yan'uwansu, wannan ya hau kan wancan har ramin ya toshe. Daga baya wani zaren ya zo ya ɗaure su tamau, shi ne gudan jinin da kake gani."

Na ce, "To garin bagaruwa fa?"

"Yana busar da ciwo. Amma dannawar da kake yi da yatsa ta fi shi aiki."

"Addu'ar fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wanda kake roƙo ai shi ya zuba su a ciki tun kafin ka buɗe baki."

Na koma na zauna. Shekara ashirin da biyar ina karɓar godiya da tukuici a kan aikin wasu 'yan halitta da ban taɓa yi wa sannu ba. Malam Ojo ya ce an ƙirga na Yaya, sun cika, ba su gaza nawa ba. Ma'aikata suna nan, kamawar ce ba sa yi, kuma dalilin ne ake nema.

A daidai nan Yaya ya dafa kai ya ce jiri yake ji, bayansa kuma yana sara. Na ga lokaci ya yi da zan nuna wa Baturiyar nan cewa mu ma a Rano ba a baya muke ba. Na buɗe zabira a gabanta, na fito da gwangwani, na zazzago biyu a tafin Yaya, har ina ɗaga gwangwanin don ta ga rubutun. Ta riƙe hannun Yaya kafin ya kai baki. Ta tambayi tun yaushe yake sha, kuma nawa a rana. Na faɗa da alfahari, shida kullum, shekara ɗaya da rabi, ban taɓa bari ya tsallake ba. Na ƙara da labarin masu haƙori da masu ƙaho, don ba a tambaye ni ba ma.

Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi magana a hankali, Malam Ojo yana juyawa. Ta ce ƙwayar tana da amfani a wurinta, amma sun sha gani tana sa jini ya yi jinkirin tsayawa, wasu ma ta sa cikinsu ya yi ta tsiyayar jini ba su sani ba. Yadda take yin haka ba su gama ganowa ba. Amma wanda za a yanka, ko wanda dama jininsa ba ya saurin tsayawa, ba a ba shi.

Malam Ojo ya ƙara nasa, ya ce, "Wato kai kake yanka, kai kuma kake sallamar masu toshiya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi ta zargin Audu a raina, na yi ta neman wanda ya yi mini sammu, ashe da kuɗina nake sayo shi a kanti, har in lulluɓe shi da tsumma don kada ya ji sanyi. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne, na mutumin da ya rene ni ne. Ban iya duban Yaya ba.

Aka kwantar da shi kwana goma sha biyu. Aka ƙara masa jini, aka hana shi ƙwayar. Fuskarsa ta dawo, hancin ya yi shiru. Ran da za a sallame mu aka sake huda kunnen. Wannan karon ya tsaya, amma sai a ɗigo na goma sha takwas, ninki uku na nawa. Likita ta ce ƙwayar rabin laifin ce, rabin kuma da shi aka haife shi. Ta tambayi ko akwai wani a dangi mai irin haka. Sai Yaya ya ba da labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce da aka yi masa kaciya kwana uku jini yana zuba, mahaifinmu ya ce baki ne aka yi wa hannunsa. Innarmu kuwa, wadda ni aka ce mini ajalinta ne kawai ya yi, jinin haihuwar ƙanwarmu ne ya tafi da ita.

Likita ta ce abin yana bin zuriya, maza da mata, ya kama wani ya tsallake wani, kamar yadda ya tsallake ni. 'Ya'yan Yaya da jikokinsa kada a yanke su sai dole, in dole ta yi a kai su asibiti. Ta rubuta duk wannan a takarda, ta buga hatimi. Ga takardar da na baro Nariya dominta, a hannuna.

A hanyar dawowa jirgi ya ƙetare Jabba. Can na daure na ce, "Yaya, ka yafe ni. Na kusa kashe ka."

Ya ce, "Da don mugunta ka ba ni da na ji haushi. Don so ka ba ni, ni kuma don so na haɗiye. Wauta ce ta mutum biyu." Ya nuna zabirata da haɓa. "Takardar nan, ka ce za ta wanke ka?"

Na ce rabi za ta wanke ni.

"To. Ni dai ina da 'yan mata biyu a gida da ba a kai ɗaki ba. Ban san wanda zai zo neman aure gidan da aka ce jininsu ba ya tsayawa ba." Bai ce in ɓoye ba, bai ce in nuna ba. Ya juya ya ci gaba da kallon taga.

Da muka iso gida na jefa gwangwanin a masai. Na tsaya a kasuwar Rano na faɗi laifin ƙwayar da bakina. Ku da kuke nan kun san abin da kuka ce. Maganin Turawa ne zai sa jini ya zuba? Garba dai ba ya son a san sirrinsa. Kuka yanke cewa na je ƙasar Yarabawa an wanke mini hannu da wani babban asiri. Tun da na daina ba da ƙwaya jini ya koma tsayawa, sai kuka ce kun gani ko. Rumfata ta cika fiye da dā, har daga Zinyau ake zuwa. Gaskiya ba ta dawo mini da ko mutum ɗaya ba, ƙaryar da ban yi ba ce ta cika mini tabarma. Wata biyu na sha daɗina.

Sai Ladi, babbar 'yar Yaya da ke aure a Durba, ta zo gida goyon ciki ta haifi ɗa namiji. Ranar suna da hantsi aka kira ni cikin gida, wa za a kira in ba ni ba. Ungozoma ta riƙe jariri, mata sun yi da'ira, dangin miji sun zo da gwaggonsa a gaba. Na yi masa aski tas. Na fito da 'yar lanƙwasasshiyar askar beli, ungozoma ta buɗe masa baki. Na leƙa can cikin maƙogwaron, inda ba yatsan da zai shiga ya danna, ba garin da zai zauna. Na tuna takarda biyu cike da ɗigo. Na mayar da askar cikin zabira.

Gwaggon ta ce, "Malam Wanzam, lafiya? Ba ka cire ba."

Na ce ba zan cire ba.

"Don me? So kake beli ya shaƙe mana ɗa?"

Takardar tana cikin zabira, ƙarƙashin hannuna. 'Yan matan Yaya biyu suna tsaye a bakin madafa suna kallo. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Hannuna ne yake rawa, Gwaggo. Ban amince da shi ba."

Aka ɗauki salati. Gwaggon ta ce a aika Zinyau a kira Audu. Sai Yaya ya yi gyaran murya daga zaure, ya ce a gidansa askar ƙaninsa kaɗai ke shiga, in ba ta yanka ba to ba a yanka ba. Aka ce taurin kai ne da son zuciya. Kafin la'asar labari ya kai Kibiya cewa Garba da bakinsa ya ce hannunsa ya mutu. Tun daga ranar ba a ƙara kirana suna ko kaciya ba. Aski kawai kuka bar mini, shi ma don na fi Audu hira. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, har yau in na ji ana kiɗan 'yan kaciya sai in shige ɗaki.

Yaron bai mutu da beli ba. Isiyaku sunansa, yana nan Durba gidan ubansa, ya shiga shekara ta bakwai. Da damina haƙorinsa na gaba ya fita, ya wuni ya kwana bakin yana jini, uwarsa ta zo mini tana kuka. An kai autar Yaya, ta ƙarshe cikin 'yan matan nan biyu, ɗakinta bayan sallar layya. Ran da aka watse daga bikin, sai Yaya ya kira ni ya ce, "Garba, sanyi ya kusa, an ce uban Isiyaku ya sa shi cikin 'yan kaciyar bana. Buɗe bakinka."

To na buɗe. Wanda ya gama karanta wannan ya kai Zinyau a karanta wa Audu, daga farko har ƙarshe, kada a tsallake wurin da na zage shi. Audu, ka iya aska, na daɗe da sani. Ka ci kasuwata shekara shida, na bar maka halal, ka ci gaba da ci. Cikin yaran da za a jera maka bana akwai ɗaya mai giɓi a gaba. Shi kaɗai nake roƙo. Ka ce wa ubansa ya kai shi asibitin Kano, zan raka su da takardar. In kuma ka ji nauyin faɗar dalili, ka ce hannunka ne yake rawa. Ana rayuwa bayanta, ni shaida ne.